Kamun kifin tirawut ta ƙarƙashin ƙanƙara: jagora ga wanda bai taɓa taka daskararren tafki ba

Ranar Asabar ta tsakiyar Janairu, wadda ake buɗe kamun tirawut na hunturu a jihar Minisota ta Amurka, ko da asubar fari ka isa tafkin Courthouse da ke garin Chaska za ka tarar an riga ka. Fitilun goshi na ta yawo a kan ruwan da ya zama dutse, ga ƙarar injin huda ƙanƙara, ga dattijo zaune bisa bokiti ya ƙura wa wani ɗan rami ido. Tafkin tsohon ramin haƙar yumɓu ne na masu yin bulo, ruwa ya cika shi, hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, take zuba masa kifi. Haka ma take zuba wa tafkin Cenaiko da ke garin Coon Rapids. Irin waɗannan ƙananan tafkuna na kusa da gari su suka fi dacewa da ɗan koyo, kuma don ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kai ƙasar sanyi nake wannan rubutu, wanda hunturu ke kulle shi a ɗaki wata huɗu.

Abubuwa biyu ne ke raba mai komawa gida lafiya da kifi a hannu da wanda bai samu haka ba: kaurin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, da zurfin da ya tsayar da kotonsa. Duka biyun aunawa ake yi. Sauran bayanin da ke tafe duk a kansu ya rataya.

Fara sanin kifin

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, mai ƙananan ɓawo da ɗigo-ɗigo a jiki. Wanda aka fi zubawa a tafkunan nan shi ne mai bakan gizo, wato mai jan layi ruwan hoda a gefensa da baƙaƙen ɗigo har wutsiya; asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne masu gangarawa tekun Fasifik. Akwai kuma mai duhun baya da fararen ɗigo, wanda bakin fukafukansa na ƙasa fari ne tas, da mai ruwan ƙasa wanda aka kawo daga Turai a shekarun 1880.

A gidan kiwo aka ƙyanƙyashe su, suka girma cikin dogayen kwatami na siminti, ana watsa musu ƙwayoyin abinci daga sama, kamar yadda mai kiwon tarwaɗa ke yi a gida. Wannan tarbiyya ba ta barin su. Bayan an juye su a tafki sukan yi yawo garke-garke, suna zagaya gefe-gefe, idonsu na sama inda suka saba ganin abinci na faɗowa.

Yanayin ruwan ma ya taimaka musu. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyos, don haka a hunturu mai ɗan ɗumin ne ke kwanciya ƙasa, mai tsananin sanyin yana sama dab da ƙanƙara. Yawancin kifaye sukan yi sanyin jiki su lafe a ƙasa. Tirawut kuwa sanyi bai dame shi ba, zafin bazara ne ke kora shi zurfi. Da ruwa ya daskare sai tafkin duka ya zama nasa, ya hau sama, ya matso bakin gaɓa neman ƙwari. In hunturu ya yi nisa kuma, ruɓaɓɓen ganye yakan cinye iskar da ke ruwan ƙasa, sai kifin ya ƙara yin sama.

Takardar izini

Kada ka jefa ƙugiya ba lasisi. A Minisota ana sayen sa ta intanet ko a shagunan kayan kamun kifi da wasu gidajen mai, kuma shekararsa daga 1 ga Maris take farawa zuwa ƙarshen Fabrairu. Wanda ke tsakanin shekara 18 da 64 sai ya ƙara da hatimin tirawut, sai dai in lasisin kwana ɗaya ko na kwana uku ya yanka. A tafkunan da aka keɓe wa tirawut fatsa ɗaya tak aka yarda mutum ya saka, alhali a sauran tafkuna biyu ake sakawa a hunturu, kuma an hana yin koto da ƙananan kifaye masu rai, don kada su tsere su hayayyafa su ɓata tafkin. Lokacin hunturu na rufewa 31 ga Maris. Yawan kifin da aka yarda ka tafi da shi yana cikin ɗan littafin dokoki da ake bayarwa kyauta. Karɓi na shekarar da kake ciki ka duba sunan tafkinka, domin wani tafkin yana da tasa doka. Wanda ke wata jiha ko Kanada ya nemi na wurinsa.

Sutura

A ajiye auduga a gida. Tana shan gumi ta riƙe, kuma jiƙaƙƙen tufa a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri wahala ce babba. Sa riga da wando masu kama jiki na ulu ko na roba daga ciki, ka ɗora suwaita mai kauri, sannan babbar rigar da iska ba ta ratsawa. Takalmin sanyi ya zama da ɗan sarari. In ya matse, jini ba ya gudu, ƙafa ta fi saurin mutuwa. Ɗaura masa ƙarafunan nan masu haƙora na hana santsi. Safar hannu biyu, domin ɗaya za ta jiƙe. Hula mai rufe kunne.

Lura da cewa hasashen yanayi a Amurka da ma'aunin Faranhait ake bayarwa, kuma sifirinsu daidai yake da digiri 18 ƙasa da sifiri a namu. Ga wani abu da ya shafe mu musamman: bayanan da ake rabawa kan daskarewar fata sukan ce wurin zai yi ja ko fari, amma a baƙar fata yakan yi toka-toka ne, wani lokaci ma ba ka ga canjin launi sosai ba. Ka dogara da ji. In yatsa ko kunne ya daina zafi ya koma kamar ba naka ba, ko ya yi tauri, tashi ka shiga mota. Kada a murza wurin, kada a kanga shi ga wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa shi a ciki.

Ni nakan yi alwala tun daga gida in sa safa mai kauri, in yi Asuba a bakin tafki, tun da lokacin cizon kifi da fitowar alfijir kusan tare suke zuwa. Fulas na shayi mai citta ma ba ya barin jakata.

Kayan aiki

Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Kana bukatar mahujin ƙanƙara na hannu mai faɗin inci 6, wanda ake juyawa kamar injin markaɗe. Ramin inci 6 ya ishi tirawut ɗin tafkin kiwo, kuma ya fi na inci 8 sauƙin juyawa nesa ba kusa ba. Sai dagi na ƙarfe mai kaifin baki. Sai ludayi mai huji-huji irin na tsamar ƙosai, na kwashe ɓarɓashin ƙanƙara. Sai gajeruwar sandar fatsa, inci 24 zuwa 30, mai laushin kai, da ɗan abin naɗe zarenta. Zaren ya zama siriri, mai ɗaukar laba 4 ko ƙasa da haka, domin ruwan hunturu garau yake kuma tirawut na da ido. Ƙugiya lamba 8 zuwa 12. A tuna, duk yadda lambar ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Ƙananan dalma na nauyi, tef ɗin awo, bokiti na zama da zuba kaya, da ɗan jirgin roba da ake ja a kan dusar ƙanƙara.

Kayan ceto kuwa uku ne, kuma ba a barin ko ɗaya: ƙusoshi biyu masu mariƙi da aka haɗa da igiya ake ratayawa a wuya ta saman riga, igiya mai tsawon ƙafa 50 ko fiye, da rigar ceto ta masu shiga jirgin ruwa. Na huɗunsu mutum ne. Kada ka je kai kaɗai, kuma ka bar wa na gida sunan tafkin da lokacin da za ka dawo.

Awon ƙanƙara

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tafki kada ka ba ido wannan amana. Ƙa'idar DNR ita ce: ƙasa da inci 4, wato santimita 10, kada a hau, daga inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau mutum zai iya tafiya da ƙafa. Kalmar garau ɗin nan ita ce zuciyar maganar. Ƙanƙarar da ta daskare kai tsaye daga ruwan tafki takan yi haske kamar gilashi, har ta yi duhu-duhu saboda kana hango ruwan ƙasa, ita ce mai ƙarfi. Farar kuwa, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe ta sake daskarewa, cike take da iska, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, don haka sai ta kai inci 8 kafin ka amince. Wadda ta yi toka-toka ko ta zama kamar saƙar zuma a ƙarshen hunturu ruɓaɓɓiya ce, komai kaurinta.

Ga yadda ake shiga. Tsaya a gaɓa ka daki ƙanƙarar gabanka da dagi da ƙarfi, sau biyu ko uku a wuri ɗaya. In ruwa ya ɓullo ko dagin ya zarce, ranar ta ƙare, ka juya. In ta tsaya, yi taku biyu ka sake duka. Da ka ɗan yi nisa da gaɓa, inda ko ka faɗa ruwan bai wuce ƙugu ba, huda ramin farko. Zura tef, ka maƙale bakinsa a ƙasan ƙanƙarar, ka karanta. Leƙa bangon ramin ka ga nawa ne garau, nawa ne fari. Daga nan ci gaba kana dukan dagi, kana sake huda ramin awo aƙalla kowace ƙafa 150. A ƙaramin tafki ni ban kai haka nake sake aunawa. Ku bar tazara tsakaninku da abokin tafiya, mai igiya yana baya.

Ƙanƙara ba ta yin kauri ɗaya ko'ina. Guji inda rafi ko kwalbati ke shigowa ko fita, da gindin ciyayi da itacen da suka ɓullo sama, domin suna shan rana su narkar da kewayensu, da inda dusar ƙanƙara ta taru tuli, domin bargo take zame wa ruwa ta hana shi daskarewa da kyau. Wasu tafkunan ana sa musu injin hura iska don kada kifi ya mutu, sai a kafa alluna masu kashedi. Ko kusa kada ka je. Tsofaffin ramukan haƙa kuma suna da halinsu: gefensu na gangarawa zurfi nan take, wasu da maɓuɓɓuga a ƙasa, kuma ruwa mai zurfi ya fi jinkirin daskarewa. Ganin sawun mutane ko ganin wani zaune can tsakiya bai ɗauke maka awo ba. Sawun na jiya ne, kuma ba ka san ta ina shi ya bi ba.

Za ka ji ƙanƙara na gurnani ko ta yi ƙara kamar tsawa in sanyi ya tsananta. Yawanci miƙewa da takurewa take yi saboda canjin yanayi. Abin tsoro shi ne ta lotsa ƙarƙashinka ko ruwa ya taso ta tsaga.

In ta fashe da kai

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, ka riƙa haki ba da sonka ba. Aikinka kawai ka tsare bakinka daga ruwa har numfashin ya daidaita. Sannan kana da kamar minti 10 da hannuwanka za su yi maka aiki. Sannan kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Ke nan akwai lokaci, in firgita ba ta cinye shi ba.

Juya ka fuskanci inda ka fito, can ne ƙanƙarar ta riga ta ɗauke ka. Ɗora hannuwa a kanta, ka kafa ƙusoshin wuyanka, ka miƙe ƙafafu baya kana harba ruwa kamar mai iyo har jikinka ya kwanta, sannan ka ja ciki ka fito. Kada ka miƙe tsaye. Mirgina har ka yi nisa, ka nufi mota, ka tuɓe jiƙaƙƙun kaya. In abokinka ne ya faɗa, kada ka ruga bakin ramin: kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ka jefa masa igiya daga nesa.

Inda za a huda

Rana ta farko da na fita, na nufi tsakiyar tafki na saki koto har ƙasa, yadda muka saba yi wa tarwaɗa. Awa uku ban ga motsi ba. Wani dattijo da ke kusa da gaɓa, kifi uku a gefensa, ya kira ni ya nuna mini zarensa: bai fi tsawon hannu biyu ƙarƙashin ƙanƙara ba. Tun ranar na daina neman tirawut a inda ba ya.

Nemi ruwa mai zurfin ƙafa 4 zuwa 12, kusa da gaɓa, musamman inda ƙasa ke fara gangarawa, ko gefen ciyayin ƙarƙashin ruwa, ko wani ƙoƙon tudu da ya shigo tafki, domin garken da ke zagaye dole ya bi ta bakinsa. Huda ramuka biyar ko shida a jere daga marar zurfi zuwa mai zurfi, taku goma tsakani, kuma ka gama su duka tun kafin gari ya waye. Dalili shi ne ƙara. Kifin da ke yawo ƙafa uku ƙarƙashin takalminka yana jin mahuji, yana jin jan bokiti. Gama hayaniyarka lokaci ɗaya, ka zauna shiru, su dawo.

Wajen huda, share dusar ƙanƙara, ka tsayar da mahuji sak, ka juya ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Kaifin ne ke aiki. In ya kusa zarcewa yakan cije, sai ka riƙe da kyau. Kwashe ɓarɓashin da ludayi, ka mayar wa wuƙaƙen murfinsu nan take, suna yanka kamar aska. Maƙala dalma mai nauyi a ƙugiya ka sauke har ƙasa don sanin zurfin kowane rami.

Koto da motsa shi

Tsutsar kakin zuma, fara mai taushi, wadda ake sayarwa cikin 'yan gwangwanaye da garin katako, ita ce kan gaba. Ajiye ta a aljihun ciki kada ta daskare. Tsutsar ƙuda da guntun tana ma suna ci. Akwai kuma wani ƙulli mai ƙarni da ake kira PowerBait, wanda kifin kiwo ke so saboda ya saba da ƙwayoyin abincin gidan kiwo. Yana tasowa sama a ruwa, don haka sai an matse 'yar dalma kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya. Cura shi kamar ƙwayar gujiya, ya rufe ƙugiyar.

Na fi son 'yar ƙugiya mai nauyin kai, mai launin ruwan hoda ko fari ko ruwan lemo, da tsutsa ɗaya a baki. In kifi na da kuzari, ɗan ƙarfe mai walƙiya irin Kastmaster ko Swedish Pimple, mafi ƙanƙanta, yakan jawo su daga nesa.

Fara daga sama. Sauke koton ƙafa biyu ƙarƙashin ƙanƙara, ka ɗan karkaɗa kan sandar kamar hannu na rawar sanyi, ka ɗaga taƙi ɗaya, ka bar shi ya sauka a hankali, sannan ka tsaya cik ka ƙirga goma. A wannan tsayuwar cizo ya fi zuwa, kuma ita ce ɗan koyo ke gajartawa. Bayan minti biyar ƙara ƙafa biyu, ka maimaita, har ka kusa ƙasa, ka sake hawowa. Duk inda aka taɓa ka, ka san zurfin, ka koma daidai nan. Idon tirawut sama yake kallo; koton da ke bisa kansa zai gani ya taso masa, wanda ke ƙarƙashinsa kuwa sau da yawa wuce shi yake yi. In minti 20 ta wuce shiru, koma rami na gaba da sanɗa. Amma in ka riga ka kama ɗaya a rami, yi haƙuri da shi, garken zai sake zagayowa.

Wanda ya samu 'yar rumfar yadi mai duhu zai ga abin da ba ya mantuwa: in ka rufe ƙofa, ramin na haskakawa kamar taga, kana kallon kifin ya zo ya zagaya koto, ya shinshina, ya ja baya. Nan za ka koyi motsin da ke jawo shi da wanda ke kora shi. In ka kunna hita mai gas a ciki, buɗe kafofin iska. Hayaƙinta ba ya wari, kuma yana kisa. Ciwon kai ko jiri na nufin ka fita yanzu.

Awa biyun farko na safiya su ne zinariya, sai kuma dab da magariba. Ranar da hadari ya rufe rana cizo kan daɗe.

Fito da shi

Wani cizon fizga ce, wani kuma kan sanda ne zai ɗan sunkuya, ko zare ya saki kamar an ɗauke masa nauyi. Ɗaga sandar da wuyan hannu, kaifi ɗaya, ba da dukan ƙarfinka ba, bakinsa ba shi da tauri. Tun farko ka sassauta birkin abin naɗe zaren yadda in ka ja da hannu zai saki. Tirawut na gudu gefe, yana zagaye ƙarƙashin rami, kuma kaifin bakin ƙanƙara na tsinka zare. Sa kan sandar cikin ramin in ya yi gudu. Yawancin kifin da ke kuɓucewa a bakin rami yake kuɓucewa, saboda gaggawa. Jira har kansa ya shigo ramin yana kallon sama, ka ci gaba da ɗagawa a hankali, shi da kansa zai harbo sama, sai ka tallafe shi da hannu ka zame shi gefe.

Wanda za ka saki, kada ka ajiye shi a kan ƙanƙara ko ka tsaya ɗaukar hoto. Idonsa da matsatsin numfashinsa na daskarewa cikin ɗan lokaci. Cire ƙugiyar yana bakin rami ka mayar da shi da kai. Wanda ya haɗiye ƙugiya har yana jini, gara ka riƙe shi cikin rabonka. Wanda za ka ci, buge shi a ka sau ɗaya, kada ya daɗe yana shure-shure.

Kafin ka tashi tattara komai. Tun 2023 dokar Minisota ta hana barin shara a kan ƙanƙara, kuma ba a zubar da kayan cikin kifi ko ragowar koto a tafki. Ta hanyar da ka auna ka shigo za ka fita.

A gida, tsaga cikin daga ƙasa zuwa maƙogwaro, ka cire kayan ciki, ka kankare baƙin jinin da ke kwance jikin ƙashin baya da babban yatsa, ka wanke da ruwan sanyi. Ɓawon ƙanana ne, ba dole a kankare ba. Namansa ya fi na tarwaɗa da karfasa taushi nesa, in ka jefa shi miya ya daɗe zai watse. Shafa masa mai da gishiri da tafarnuwa da ɗan yaji, ka matsa lemon tsami a cikin, ka soya kowane gefe minti huɗu zuwa biyar, ko ka naɗe shi a takardar gashi ka sa a tanda kamar minti 15. In naman ya fara rabuwa da ƙashi, kama wutsiyar ka ɗaga a hankali, ƙashin bayan zai taso gaba ɗaya da ƙayoyinsa. Sai dai a sake laluba na yara da yatsa kafin a miƙa musu, akwai wasu siraran ƙayoyi da kan rage a gefen baya.